AMSAR WASIƘUNKU: Mai Shirin Zuwa Shikago, Ga Abin Da Ya Kamata Ya Sani

  

Yau wasiƙu biyu za mu ɗauka, kuma na haɗa su ne da gangan domin maganarsu ɗaya ce. Ta farko daga wani dattijo ce, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, wanda ya roƙi kada a faɗi sunansa. Ya ce ɗansa na fari yana aiki a wani asibiti a birnin Shikago na ƙasar Amurka, an yi masa haihuwa, ya kuma matsa lallai sai mahaifinsa ya je ya ga jika. Alhaji ya ce ya sami biza tun a shekarar 2024, amma hidimomi suka hana shi tafiya. Ga tambayoyinsa: shin bizar nan tana da sauran rai, tunda yana jin ana cewa an rufe ƙofa? Wane jirgi zai hau? Wace tsaraba zai iya ɗauka? In ya isa kuma, yaya zai yi yawo a garin alhali ɗan nasa kullum yana wurin aiki, shi kuwa Turancinsa bai wuce na lissafin buhu ba?

To Alhaji, ranka ya daɗe, Allah ya raya jika, ya sa mai jin ƙan iyaye ce. Bari mu fara da biza, domin in babu ita sauran maganar duk tatsuniya ce.

A watan Maris na 2023 Amurka ta mayar da bizar ziyara ta 'yan Nijeriya ta shekara biyar maimakon biyu, a shiga a fita sau da yawa. Ka ga ke nan taka ta 2024 a cikin wannan tsari ta faɗo. Ran 8 ga watan Yuli 2025 aka canza, aka mayar da sababbin da za a bayar na wata uku kacal, shiga ɗaya. Sa'an nan ran 16 ga Disamba 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata sanarwa, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta dakatar da ba 'yan Nijeriya sabuwar bizar ziyara da ta karatu, in ban da wasu 'yan tsirarun da aka keɓe. Masu sauraronmu na Jamhuriyar Nijar abin ya fi yi musu tsanani, domin su dakatarwar ta haɗa kusan kowace irin biza, kamar yadda aka yi wa Cadi da Sudan tun watan Yuni na 2025. Amma sanarwar ta fayyace cewa ba ta soke bizar da aka riga aka bayar kafin ranar da ta fara aiki ba. Watau Alhaji, in ranar ƙarewar da ke jikin taka ba ta zo ba, kuma ofishin jakadanci bai aiko maka da takardar sokewa ba, to tana aiki. Duk da haka, tunda a shekara uku ka ga dokar ta juya sau uku, ka sa ɗanka ya duba sanarwar ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja a makon da za a biya kuɗin tikiti, ba wata guda kafin nan ba.

In fasfon da bizar take ciki ya ƙare ka yi sabo, kada ka jefar da tsohon, kada kuma wani mai wayo ya ce zai ɓamɓaro maka bizar ya manna a sabon. Da an taɓa ta ta mutu. Ka riƙe su biyun tare, haka doka ta yarda.

Nan ne wasiƙa ta biyu ta shigo. Wani saurayi ne daga ƙasar Gumel, ya ce wani ejan ya yi masa alkawarin bizar Amurka da aiki a Shikago cikin mako shida, in zai kawo kuɗi masu kauri, shi kuma yana shawarar sayar da rabonsa na gonar gado. Ƙanena, don girman Allah kada ka sayar da gonar nan. Babu wani ejan a duniya da ke bayar da bizar Amurka. Jami'in ofishin jakadanci ne kaɗai ke bayarwa, a Abuja ko a Legas, bayan ka cike fom ɗin da ake kira DS-160, ka biya kuɗin neman biza, wanda tun 2023 yake dala 185 kuma ba a mayarwa ko an hana ka, ka kuma tsaya gabansa da kanka ya yi maka tambayoyi. Wannan ma a lokacin da ƙofa take buɗe ke nan, balle yanzu da ka ji abin da na karanta wa Alhaji. Bizar ziyara kuma ba ta ba mutum izinin yin aiki. In ya ce maka ta hanyar cacar biza zai bi, to ka sani fiye da shekara goma ke nan da aka cire Nijeriya daga cikin ƙasashen da ke shiga wannan caca. Wanda aka kama da takardun jabu kuwa ana iya hana shi shiga ƙasar har iyakar rayuwarsa, ejan ya canza lambar waya, gona kuma ta tafi. Ka kai wannan amsa tawa wurin babban wanka ku saurara tare.

Mu koma kan Alhaji. Babu jirgin da ke tashi daga Nijeriya ya dire Shikago kai tsaye, dole sai an yada zango an canza. Hanyoyin iri biyu ne. Akwai jiragen Amurka da ke tashi daga Legas, na kamfanin Delta zuwa Atlanta, na United zuwa Washinton, daga can a hau na cikin gida. Akwai kuma waɗanda ke bi ta wata ƙasa: Lufthansa ta Farankfot, British Airways ta Landan, Turkish Airlines ta Istanbul, Qatar Airways ta Doha, Ethiopian Airlines ta Adis Ababa, wanda ya fara zuwa Shikago a 2018. Na Habasha da na Ƙatar suna sauka Kano, saboda haka su za ka fara tambaya, ko ka huta da tafiyar Abuja.

Ni shawarata, ka zaɓi wanda saukarsa ta farko a Amurka ita ce Shikago. Dalili shi ne, a garin da ka fara taka ƙasar ake yi maka binciken shige da fice da na kwastan. In ta Atlanta ka bi, a can za ka bi layi, ka ɗauki akwatunanka, ka sake miƙa su, ka nemi wani jirgin, duk kai kaɗai kuma agogo na gudu. In kuwa Shikago ka dira, da ka fito ƙofa ɗanka ne a tsaye. Tikitin kuma ya zama guda ɗaya ne daga farko har ƙarshe, na zuwa da dawowa. Masu sayen guntu-guntu don neman araha, in jirgin farko ya makara na biyu ya tafi, babu wanda zai ɗauki asararsu. A bar aƙalla awa uku tsakanin sauka da tashi a wurin canji. Kada kuma ka yarda da tikitin da zai sa ka canza jirgi sau biyu a Turai, kamar Farankfot sa'an nan Faris, domin wannan yana bukatar bizar shiga Turai wadda ba ka da ita.

Tafiyar doguwa ce. Abuja zuwa Farankfot kamar awa shida ne, daga can zuwa Shikago kamar awa tara. Daga Doha kuwa ya kai awa goma sha huɗu a sama ba sauka. In aka haɗa da jira, kwana guda cur ne ko fiye. Mutum mai shekaru ya riƙa tashi yana taka ƙafa a tsakanin kujeru duk bayan awa biyu, ya yawaita shan ruwa, saboda zama wuri ɗaya yana sa jini ya daskare a ƙafa. Lokacin sayen tikiti ɗanka ya nemar maka abu biyu, duka kyauta ne: abincin halal, wanda ake nema kwana biyu kafin tashi, da kuma taimakon keken turawa. Na san dattawanmu, za ka ce ai ƙafarka lafiya lau. Ba don ƙafa kaɗai ba ne, Alhaji. Mai tura keken nan shi ne ɗan jagoranka, ya san kowace ƙofa, zai kai ka har bakin jirgi na gaba ba sai ka karanta allo ba.

Yanzu tsaraba, kuma a nan ne mutanenmu suka fi shiga uku. Yawancin kamfanoni suna ba mai ƙaramin tikiti akwati biyu, kowanne kilo 23, amma abin da aka rubuta a tikitinka shi ne hukunci. Nama kowane iri haramun ne shiga da shi: kilishi, dambun nama, soyayyen naman layya, har dunƙulen miya mai ɗanɗanon kaza ana ƙwacewa. Ɗanyen mangwaro, lemo, tattasai, da irin shuka, su ma haka. Kai da kake ɗan hatsi, ga wadda za ta ba ka mamaki: shinkafa da waken suya ba a shiga da su a kayan fasinja daga Nijeriya ko Nijar, saboda wani ƙwaron rumbu da ake kira kafra, wanda Amurkawa ke tsoronsa kamar yadda muke tsoron fara. Busasshen kifi, kuka, kuɓewa busasshiya, yaji da daddawa galibi sukan wuce bayan an duba. Goro kuwa ka nuna shi, jami'i ya yanke. Ƙa'idar ita ce ka faɗi duk abincin da ke jakarka. In ka faɗa, iyakaci a karɓe abin da bai halatta ba a zubar, ka wuce abinka. In ka ɓoye, suna da 'yan karnuka masu dogon kunne da ke bin akwatuna suna shinshinawa, tarar kuma tana iya kaiwa dala 10,000, ban da tabon da zai hau kan bizarka. Ka ba Hajiya haƙuri, kilishin nan a ajiye wa yaron sai ya zo gida.

Kuɗi in ya haura dala 10,000 dole a bayyana shi, a nan wurin fita da can wurin shiga. Turare, zuma da man shafawa da suka wuce mililita 100 su shiga babban akwati. Maganin hawan jini ko na suga ya zauna a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, ka kuma ɗauki wanda zai ishe ka har ka dawo, domin can ba a shiga kemis a ce a ba ni. Katin rigakafin shawara shi ma ya kasance cikin fasfo. A saya maka inshorar lafiya ta matafiya, saboda kwana ɗaya a gadon asibitin Amurka yana iya cinye ribar kaka guda. Saƙo kuma, ko na limamin unguwa ne, kada ka karɓa sai an buɗe ka gani da idonka. A filin jirgi kuwa ko ruwan sha wani ya ce ka riƙe masa, ka ce a'a.

Filayen jirgi biyu ne a Shikago. Ƙaramin shi ne Midway, na jiragen cikin gida galibi. Naka shi ne O'Hare, mil 17 arewa maso yamma da tsakiyar gari, yana cikin mafiya cinkoso a duniya. A tikiti za ka ga an rubuta Chicago da haruffa uku, ORD. Jiragen ƙasashen waje a tasha ta 5 suke sauke mutane. Jami'in shige da fice zai tambaye ka wurin wa ka zo, ina za ka zauna, kwana nawa za ka yi. Ka sani biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, shi ne mai buɗewa. Ka faɗi gaskiya a taƙaice, in ba ka gane ba ka nemi tafinta, kada ka ce "yes" ga abin da ba ka ji ba. Ɗanka ya rubuto maka takarda ɗaya da Turanci mai ɗauke da sunansa, adireshinsa, lambar wayarsa da ranar komawarka, ka sa ta a aljihun gaba. Yawanci wata shida suke bayarwa, amma in ka ce mako shida za ka yi, to ka yi mako shidan ka dawo. Wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 180 ana hana shi komawa shekara uku, wanda ya zarce da shekara guda kuma shekara goma.

In Allah ya sa ɗanka bai samu fitowa ba, kada ka bi duk wanda ya tare ka yana cewa tasi. Motocin haya na gaskiya suna da layinsu a waje, da mita. Akwai kuma jirgin ƙasa na gari. Daga tasha ta 5 za ka hau wani ɗan jirgi na kyauta da ke zagaya filin, ka sauka tasha ta 2 ko ta 3, ka gangara ƙasa inda aka rubuta Blue Line, watau layin shuɗi. Dare da rana yake aiki, minti 45 zai kai ka tsakiyar gari, kuma a 2024 kuɗinsa daga filin dala 5 ne, abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin tasi ba.

To, garin kansa. Lokacin da nake koyarwa a firamare na sha zana wa yara manyan tafkunan Amurka guda biyar a allo, amma ranar da aikin rediyo ya kai ni kwas can na tsaya a bakin Tafkin Mishigan, sai na ga ashe ban san abin da nake zanawa ba. Ba a hango ƙarshensa. Tsawonsa ya kusa kilomita 500, faɗinsa a wani wurin 190, ya ninka Tafkin Cadi na shekarun 1960 fiye da sau biyu, ga shi ruwan daɗi ne ba gishiri, shi mutanen garin ke sha. Shikago tana kwance a gaɓarsa, a jihar Ilinoi, da mutane miliyan 2 da dubu 700 da 'yan kai a ƙidayar 2020, ita ce ta uku bayan Niyok da Los Anjalis. Baƙon da ya fara kafa gida a wurin kuwa, wajen shekarun 1780, baƙar fata ne ɗan kasuwa mai suna Jean Baptiste Point du Sable, wanda a 2021 aka sa wa babban titin bakin tafkin sunansa.

Amfanin tafkin ga baƙo shi ne, kullum yana gabas. Da ka san inda ruwa yake ka san gabas, sauran kusurwoyi sun fito. Garin shimfiɗaɗɗe ne ba tudu, an kuma yanka titunansa a miƙe kamar kunyoyin gona. Tun 1909 suka tsayar da mahaɗar titin State da titin Madison a matsayin mafarin ƙirga. Kowane adireshi yana da lamba da harafi: N arewa, S kudu, E gabas, W yamma. A mafi yawan garin, kowace lamba 800 mil ɗaya ce. Misali titin Devon yana kan 6400 N. Raba 6400 gida 800, ka sami takwas, watau mil takwas arewa da Madison. Mai lissafin buhu ba zai sha wahala a nan ba. Sai dai a kula da harafin, domin 2400 N da 2400 S a titi ɗaya suke amma tsakaninsu tafiya ce mai nisa.

Jirgin ƙasan garin "L" suke ce masa, saboda wani babban ɓangarensa a kan gadar ƙarfe yake gudu a saman tituna, tun 1892. Layuka takwas ne, kowanne da launinsa: ja, shuɗi, kore, ruwan ƙasa, ruwan lemo, ruwan hoda, shunayya da rawaya. Ko wanda bai iya karatu ba zai bi launi. Yawancinsu suna haɗuwa a tsakiyar gari inda gadar ta yi zobe, shi ya sa ake kiran unguwar Loop. Ja da shuɗi ne ba sa kwana. Ana biya da wani kati mai suna Ventra da ake saya a na'urar bakin tasha, shi ne kuma na bas. A 2024 shiga jirgi dala 2 da rabi ne, bas dala 2 da kwata, katin mako guda na hawa ba iyaka kuma dala 20. Wannan na mako shi zan ce a saya maka. Direban bas ba ya bayar da canji, in za ka sauka kuma igiya ake ja ko a danna maɓalli, ba a buga jikin mota.

Ga inda ni na yi kuskure. Ba a rubuta arewa ko kudu a goshin jirgi, sunan tashar ƙarshe ake rubutawa, kamar yadda yaran mota ke kiran garin ƙarshe a tasha. Layin ja in zai yi arewa Howard ne a goshinsa, in kudu 95th. Ni na ga ja kawai na faɗa, sai da na yi kusan rabin awa ina kallon unguwannin da ban sani ba kafin na gane na juya wa masaukina baya. Ban yi asarar ko sisi ba, na sauka na tsallaka ɗaya gefen dandamalin na hau mai komawa, amma na sha dariya wurin abokan kwas. Har ila yau, tashoshi biyar ne ke amsa sunan Western a layuka daban-daban, biyu ma a kan shuɗi. Saboda haka in za a yi maka kwatance, a haɗa da launi da inda jirgin ya dosa.

Ranar da kewar gida ta taso, ka nufi titin Devon ɗin nan. Ka hau ja mai zuwa Howard, ka sauka Loyola, ka hau bas mai lamba 155. Unguwar 'yan Indiya da Pakistan ce, ga mahauta masu yankan halal, ga masallatai, ga shagunan shinkafa da kayan yaji. Shagunan 'yan Afirka ta Yamma kuma suna unguwannin Uptown da Rogers Park, duk a kan layin ja, ana samun doya, garin rogo da manja. A tsakiyar gari ma akwai masallacin Juma'a a titin State. Alƙibla daga Shikago arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. Lokutan salla kuma suna tafiya da yanayi ƙwarai: a watan Yuni rana takan kai awa 15, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma an yi magariba. Agogonsu yana bayan namu da awa shida daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa bakwai a sauran watanni. In za ka kira yaran shago da safiyarsu, kai tsakar darenka ne.

A shago ba a taya kaya, kuma kuɗin da ka gani a jiki ba shi ne za ka biya ba, sai an ɗora haraji sama da kashi 10 cikin 100 a wurin biya. A gidan abinci da tasi ana ƙara wa ma'aikaci kashi 15 zuwa 20, wannan kusan wajibi ne a al'adarsu. Batun tsaro kuwa, ba zan ɓoye maka ba, akwai unguwannin da ake harbe-harbe, ɗanka ya san su, ka bi maganarsa ko da kai ka haife shi. Kada ka fito da damin kuɗi a jirgi, kada ka zauna a taragon da ba kowa da dare. Daga watan Satumba na 2025 jami'an shige da fice sun yi ta kamen baƙi marasa takardu a garin, saboda haka kullum ka fita da kwafin fasfo da biza da takardar shigarka da ake kira I-94, wadda ɗanka zai ciro maka ta intanet. Lambar neman agaji 911 ce.

Yaushe za ka tafi? Ba da hunturu ba. Sanyin da muke kuka da shi na Disamba wasan yara ne. Ran 20 ga Janairu 1985 ma'aunin sanyi a Shikago ya sauka digiri 33 ƙasa da sifili, a ƙarshen Janairu 2019 ma ya kai wajen 31, ga iska mai yankan kunne daga tafki. Zafinsu ma ba a raina shi, domin a watan Yuli na 1995 ya kashe mutum fiye da 700 cikin mako guda, yawancinsu tsofaffi masu zaman kaɗaici. Mayu da Satumba su ne daidai, tikiti ma ya fi sauƙi a kan Yuli da Agusta, kuma in ka je a Mayu ka dawo da sauran lokaci mai yawa kafin sabon hatsi ya shigo kasuwa. Ko a Mayun ka tafi da rigar sanyi mai kauri. In an kai ka bakin tafki da rana tsaka a lokacin zafi, to ka shirya kawar da kai, shigar masu wanka ba irin tamu ba ce.

Za a kai ka dogon benen nan mai hawa 110 da ake kira Willis Tower, wanda a da ake ce wa Sears Tower, ka leƙa gari daga sama. Ka je, ba laifi. Amma ni wurin da nake so ka ce a kai ka shi ne ƙarshen titin LaSalle, inda ginin kasuwar hatsi ta Shikago yake, wadda ake kira Board of Trade, aka kuma kafa ta a 1848. Ita ce Dawanau ɗinsu, sai dai ba za ka ga ko ƙwayar masara a ƙasa ba. Tun a shekarun 1850 suka raba hatsi daraja-daraja, lamba ɗaya, lamba biyu, ta yadda mai saye ba sai ya zura hannu a buhu ba, takardar rumbu ta isa. Daga nan suka shiga cinikin alkawari: manomi ya yanke farashin masararsa tun tana gona, a kan zai kawo ta a Disamba, mai saye shi ma ya ɗaure kansa a kan wannan farashi, ko kasuwa ta hau ko ta faɗi. Ya bambanta da abin da muke yi na karɓar kuɗi da damina a biya da hatsi da kaka, domin a nan ba bashi aka ci ba, kowane ɓangare ajiyar jingina kawai yake yi. Alkawari ɗaya na masara mudunsu 5,000 ne, wanda suke kira bushel, watau tan 127, kimanin buhu 1,270 mai kilo 100. Farashin da aka yanke a nan na masara, alkama da waken suya shi 'yan kasuwar duniya ke dubawa, saboda haka alkamar da ake sauke mana a Legas, har burodin da ke kan teburin mai shayi, suna da alaƙa da wannan gini. Da can dillalai cika wani rami suke yi suna ihu suna nuni da yatsu, amma a 2015 aka rufe yawancin ramukan, ciniki ya koma kwamfuta. Halaccin irin wannan ciniki kuwa, wannan fagen malamai ne, ba na ɗan rediyo ba.

Masu sauraronmu 'yan kara su ma suna da rabo a garin. Daga 1865 zuwa 1971 Shikago tana da wata babbar kasuwar dabbobi da mayanka, jiragen ƙasa suna kawo shanu daga yamma. Yanzu ƙofar dutse kawai ta rage a kudancin gari. In kuma ɗanka ya sami hutun Asabar, ku ɗauki mota ku yi awa ɗaya ko biyu kudu ko yamma da gari. Jihar Ilinoi ita ce ta ɗaya a noman waken suya a Amurka, ta biyu a masara bayan Ayowa. A watan Mayu lokacin shuka ne, za ka ga mutum ɗaya da tarakta yana shuka filin da ƙauye guda ba zai gama ba. Ka tambayi manomi buhu nawa yake samu a eka, da irin takin da yake sa wa, da yadda yake busar da hatsi kafin ya zuba a rumbun ƙarfe. In ka dawo, Alhaji, ka rubuto mana abin da ya ce, mu karanta wa jama'a.

Agogo ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki wasiƙun da suka taru a kan ajiyar albasa da maganin ƙwarin wake. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a rubuta a sarari, a kuma sa sunan gari. Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.